Rulma da gawayin shayi

Kun san ƴar motar tsere mai rimot da Yaya ya kawo wa ɗansa daga Faransa. Ba ta batir ba ce, injin gaske ne da ita, ɗan mitsitsi, mai shan metanol. Ta yi damina guda a ajiye da sauran mai a cikinta, shi kuma metanol jan laima yake, sai rulma, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar injin ke juyawa a ciki, ta yi tsatsa, kana juya injin kana jin ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi. Na ce wa Yaya ya bar mini. Wa ya aike ni?

Rulma biyu ce, ƙarama a gaba, babba a baya. Na sha yawo a kasuwar Katako ban samu daidai ba, sai da aka aiko mini. Kwancewa ba wuya: murfin baya, kai, hannun riga (bututun da fistan ke kai-komo a ciki), fistan, duk na jera a faranti. Fitar da tsohuwar rulma ce aikin. Gidan injin alminiyom ne, ya fi ƙarfen rulma saurin buɗewa in ya ji wuta, don haka ana gasa shi, a buga a katako, ta faɗo da kanta. Masu abin a tanda suke sawa. Ni sai na ɗora a gawayin shayin fada.

To alminiyom ba ya ja don ya yi zafi. Yana nan fari tas kamar bai san komai ba. Na sa yatsu uku na ɗauka.

Jama'a, ban san ina da wannan muryar ba. Na yi tsalle, na yi cilli da shi, takalmina ɗaya ya bi shi, na zagaya benci sau biyu ina hura hannu ina kiran sunan Inna, mai ƴaƴa uku da ni. Daidai lokacin ɗaliban lise suka taso. Injin ya daki ƙofar Alhaji, ƙwal, rulma ta fito salin alin ta gangara ta tsaya gaban tsohon mai gadi.

Shi wannan tsoho, tun da na hana shi aron caja bara yake jira na. Ya duƙa ya ɗauka da bakin rawani, ya duba, ya ce, "Ashe haka ake fiddo ta. Rawar ma dole ce, ɗana, ko kai ka ƙara?" Mutumin da rediyonsa da roba yake ɗaure! Har yau in na wuce sai ya hura yatsunsa.

Sababbin kuwa na kai firigon Hajiya mai ƙanƙara su yi sanyi su tsuke, kuran ya tafi, ta kulle ta tafi biki Tawa. Ran Talata za ta dawo wai. Yaya ya kira sau huɗu, da hagu nake dannawa.