Man na'a-na'a magani ne, a daina ɗiga shi kamar turare

Shekaranjiya da tsakar dare ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa: "Yaya, ƙirjina kamar an zuba garwashi." Murɗawar ciki ce ta dame ta, wani mai shago ya ba ta 'yar kwalbar man na'a-na'a, ya ce ta ɗiga a ruwan ɗumi ta sha. Murɗawar kuwa ta lafa, amma ƙwannafi ya hana ta runtsawa har aka kira assalatu.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, man yana aiki. Bangon hanjinmu tsoka ce, sai dai ba irin ta damtse da mutum ke motsawa in ya ga dama ba. Da kanta take matsewa tana saki, tana tura abinci gaba. Kafin ta matse sai sinadarin kalshiyam ya shiga cikin ƙwayoyinta ta wasu 'yan ƙofofi. Mentol ɗin da ke cikin na'a-na'a yana toshe ƙofofin nan, sai tsokar ta saki jiki, ciwon ya kwanta. A 1991 wasu masu bincike biyu, Hills da Aaronson, sun nuna haka da hanjin zomo, a 2021 kuma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta sa man na'a-na'a cikin abin da za a iya ba masu yawan murɗawa da kumburin ciki.

To ga abin da ba a faɗa wa ƙanwata ba. A ƙarshen maƙogwaro, daidai bakin tumbi, akwai wani zoben tsoka da ke rufe hanya kada ruwan ciki mai tsami ya hauro. Shi ma irin tsokar nan ce! Man ba ya zaɓe, yana isa wurin ya sassauta shi. Shi ya sa na asibiti yake zuwa a kafso mai rufi, ɗan mililita 0.2 kacal, wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi ya kai hanji.

Ganye biyar a butar shayi daban, man da aka tatso daga tulin ganye daban. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne iyaye mata masu shafa wa jariri shi a hanci don mura. Mentol na iya sarƙe numfashin jariri. Don Allah a bari.

Kwalbar dai na karɓe ta. Gobe da safe ni zan raka ƙanwata asibiti, don murɗawar nan ta kai mako uku.