Samarin da aka tura Rum su koyi zane

Duk lokacin da na ji ana cewa zane baiwa ce kawai, wai mai baiwa ba ya buƙatar malami, sai in tuna da samarin da Faransa ta daɗe tana turawa birnin Rum. A 1666 Sarki Louis na 14 da wazirinsa Colbert suka buɗe musu makaranta a can, da gurbin ɗalibai 12: masu zane 6, masu sassaƙa 4, masu tsara gini 2. Dokar gidan ba ta wasa ba ce. Lokacin zafi ƙarfe 5 na asuba ake tashi, lokacin sanyi ƙarfe 6. A yi addu'a tare, a ci abinci a tebur ɗaya da shugaban makaranta, ɗaya daga cikinsu na karanta musu littafin tarihi suna ci. Ga darasin lissafi, ga na ƙirar jikin ɗan'adam. Sauran yinin kuwa a kwafa yake ƙarewa: yaro ya zauna gaban aikin shahararren mai zanen Italiya Raphael ko wani tsohon sassaƙe na zamanin Rumawa, ya yi ta kwaikwayo har hannu ya saba. Kwafen da suka yi kyau a aika wa sarki, a ƙawata fada da su.

Shiga gidan ma sai da gumi. Gasa ake yi a Paris, sunanta Prix de Rome. A ƙarni na 19, wanda ya kai zagayen ƙarshe cikin masu zane ɗan ɗaki ake ba shi, ya yi kwana 72 yana aiki shi kaɗai a kan labarin da alƙalai suka zaɓa. Mai zane Jacques-Louis David sau uku yana faɗuwa. Bayan ɗaya daga cikin faɗuwar nan ya ƙaurace wa abinci don baƙin ciki, sai da aka lallashe shi. Bai ci ba sai a 1774. Wani mai zane, Ingres, ya ci a 1801, amma baitulmali ba kuɗi, sai 1806 ya samu tafiya.

Ni dai ina goyon bayan kwafar nan ɗari bisa ɗari, domin wanda bai san yadda na gaba suka yi ba, da me zai fara? Abin da ya fi burge ni kuma shi ne ciyarwar. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an ɗauke masa kuɗin haya da tunanin abin da zai ci, na tsawon shekara uku zuwa biyar, an ce masa je ka ka duba, ka koya. Dubi mai zane Fragonard, ɗaya daga cikin ɗaliban. A 1760 ya samu makonni a Tivoli, wajen birni, yana zana itatuwa da maɓuɓɓugan ruwa na lambun Villa d'Este da jan alli. Har gobe zanen nan suna cikin mafi kyawun abin da ya bari, kuma daga sararin da ya samu suka fito.

Inda raina ke ɓaci shi ne aikin shekara-shekara da aka wajabta musu aikawa gida. Dattawa a Paris su zauna su duba, su rubuto cewa nan ka kauce, can ka yi wa ƙa'ida karan tsaye. An tura yaro ya buɗe ido, amma an riƙe masa wuya da igiya tun daga gida. Carpeaux sai da ya kai ruwa rana da shugaban makaranta kafin ya ƙarasa sassaƙensa na Ugolino da 'ya'yansa. Debussy, da ya ci ɓangaren kiɗa a 1884, shekara biyu kawai ya iya jurewa ya koma Paris. Mata kuwa ba wadda ta ci babbar kyautar sai a 1911, lokacin da Lucienne Heuvelmans ta ci ta sassaƙa.

Kada kuma a ɗauka zaman daɗi ne zalla. Rum ta wancan lokaci gari ne na zazzaɓin cizon sauro, ga kewar gida. Drouais, ɗalibin da David ya fi ji da shi, a can ya rasu a 1788 yana da shekara 24. A 1793 'yan tarzoma suka afka wa gidan makarantar, ɗalibai suka watse. Sai a 1803 Napoleon ya mayar da ita gidan Villa Medici, a kan tudun Pincio a birnin Rum. Minista André Malraux ya soke gasar a 1968, amma gidan yana nan, har yau ana karɓar masu fasaha a ba su ɗaki da kuɗin kashewa na shekara guda.