Motar da yara huɗu za su iya turawa

Tun shekaranjiya ƙanina da ke aikin asibiti a wani ƙauye a yankin Taura ya hana ni sakat da waya. Adashinsu ya fito, ya haɗa da kuɗin bijimi ɗaya da ya yi kiwo, yana son ƙaramar mota. Tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, mai giya zan saya ko otomatik?" Na ba shi amsa, amma daga muryarsa na ji bai gamsu ba, domin abokan aikinsa sun riga sun cika masa kunne cewa mai giya motar mutanen da ce, sai 'yan haya. To bari in shimfiɗa maganar a nan, ya karanta a tsanake, masu irin tambayarsa ma su ɗauki abin da zai amfane su.

Duka biyun na riƙe. Ta farko Golf 3 ce mai giya, mun yi shekaru tare. Da na ga abokaina na birni suna tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan taga, sai raina ya biya. Na sayar da ita na ɗauko wata 'yar Japan otomatik. Gaskiya watannin farko na ji daɗi har na fara zargin kaina da ɓata shekaru ina taka kuloci a banza.

Wata ranar kaka na je gona ɗauko gyaɗa, can cikin daji, inda hanyar burji ma ta ƙare sai turbar amalanke. Na bar rediyo da fitila a kunne ban lura ba. Da magariba ta kawo kai na murɗa mukulli, sai ƙas-ƙas, shiru. Samarin da suka yi min aiki suka taso da ƙarfinsu: "Malam, shiga mu tura." Na ce ba ta turuwa. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Wace irin mota ce ba ta turuwa?" Ban da amsar da zan ba shi a lokacin. Da Golf ɗina ce, in sa giya biyu, in taka kuloci, su tura ta ɗan ɗauki gudu, in saki ƙafa, shi ke nan ta tashi. Ita otomatik ba haka aka gina ta ba. Tsakanin injinta da taya mai ne ke ɗaukar ƙarfin, kuma famfon da ke harba man sai injin yana aiki yake juyawa. Ko garin nan duka za su taru su tura, injin ba zai san ana yi ba.

Sai ga wata a-kori-kura ta biyo da buhuna. Direban, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗaura min igiya ya ja ni har bakin titi, daga nan har cikin gari, tafiya mai nisa. Ni ina ta godiya, ashe giyata nake kashewa. In aka ja otomatik da tayoyin gabanta a ƙasa alhali injin a kashe, ƙarafan ciki suna juyawa ba mai a jikinsu. Da batirin a-kori-kurar muka ciro muka tada ta, da minti goma ya isa. Da-na-sani ƙeya ce. Laifin nawa ne, ba na motar ba, wannan na yarda. Amma jahilcin da na yi ranar, kusan kowa a ƙauyenmu zai yi shi, kuma a nan maganar take.

Bayan 'yan makonni ta fara: ka taka totur injin ya yi ta ihu, mota tana tafiyar hawainiya. Na kai wa bakaniken garinmu, mutumin da ya kwance injin Golf ɗina gaba ɗaya a gindin dalbejiya ya mayar ba tare da ya bar ƙusa ɗaya a ƙasa ba. Ya zaro sandar gwada man giya ya shinshina, ya goge hannunsa, ya ce, "Malam, ba zan ci kuɗinka a banza ba. Wannan sai Kano." Kano kuwa ba gyara aka yi ba. Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, muka shiga muka sayo wata giyar sukutum, wadda aka ciro daga jikin wata motar, wadda ba wanda zai rantse maka a kan abin da ke cikinta. Kuɗin giya, kuɗin mai ɗaura ta, kuɗin mai, kuɗin ɗaukar motar zuwa birni, ga kwana uku da na yi a ɗakin wani ɗan'uwa a Dakata ina cinye musu tuwo. Gyaɗar shekarar can ta tafi.

Shi ya sa da ƙanina ya tambaye ni wacce ta fi, sai na mayar masa da tambaya: tsakanin ƙofar gidanka da mutumin da ya iya buɗe cikin giyar motar, tafiyar awa nawa ce? Kanikawanmu na karkara a kan mai giya suka tashi. Iyayen gidansu a kan Peugeot suka koyi aiki, tun kamfanin Kaduna ya fara haɗa ta a 1975, 504 ta cika ƙasar nan, daga baya Golf da Starlet suka shigo. Ciwon mai giya sananne ne: faifan kuloci ya cinye. Ka kai da safe, a sauke giya, a canja, la'asar kana gida. Kuma tana yi maka gargaɗi tun da wuri, ƙafarka za ta ji kuloci ya fara kamawa can sama. Ita otomatik, musamman ta bayan nan, akwai kwamfuta a jikinta, sai an jona mata na'ura kafin a san inda ke mata ciwo. A Ringim ko Haɗeja ko Gumel za ka iya samun mai na'urar yanzu, ban musa ba. Amma gano ciwo daban, iya fiɗa daban.

Ga kuma zancen man giya, wanda mutane ke ɗauka da wasa. Mai giya ba ta da tsirfa sosai. Otomatik kuwa kowacce da nata: akwai Dexron, akwai T-IV da WS na Toyota, akwai na CVT, wata irin giyar otomatik, wanda shi jinsinsa daban ne kwata-kwata. A bakin tasha duk sunansu ɗaya, "jan mai". Yaron shago zai zuba maka wanda ya samu, da zuciya ɗaya, kai ma ka biya da zuciya ɗaya, bayan wata biyu giya ta fara fizga. Ban ma shiga zancen jabu ba.

Fetur fa? Da, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wa ya damu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta koma wajen 500, a 2024 ta haye 1,000. Masu kare otomatik suna cewa sababbin yanzu ba su fi mai giya shan mai ba, wasu ma sun fi ta tsimi. Haka ne. Amma mu wa ke sayen sabuwa? Abin da kuɗin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti zai kai shi ne tsohuwa mai shekara ashirin, mai giya huɗu a ciki, ita kuwa in aka jera ta da 'yar'uwarta mai giya biyar ta hannu, ta fi ta sha. Ba da yawa can ba, amma mai zuwa aiki kullum zai ji a aljihunsa a ƙarshen wata. Af, tun da zancen ya zo: direbobin da ke sakin mota a firi a gangare wai suna tsimin mai, ku ji tsoron Allah. Mota a firi ba abin da ke riƙe da ita sai birki kaɗai, in akuya ta faɗo titi ko birkin ya yi zafi sai yadda hali ya yi.

Yanzu bari in yi wa otomatik adalci, kada a ce haushin gyaɗata nake hucewa.

A rairayi ta ba ni mamaki. Jihar nan ba a banza aka sa mata Jigawa ba, duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Babura ko Sule Tankarkar ko Maigatari da rani ya san abin da nake nufi. Mai giya a hannun gwani ba ta da matsala. A hannun ɗan koyo kuwa, da ya taka kuloci zai canja giya a tsakiyar yashi, mota ta tsaya cak, ta nutse. Sai ya hau rabin kuloci yana ba ta wuta har ka ji ƙauri, faifan da zai yi shekara biyu ya ƙone a yini ɗaya. Otomatik in ka mayar da ita L ko 2, ka ɗan rage iskar taya, ka riƙe totur daidai, tana ratsawa lafiya domin ƙarfin ba ya yankewa. Sai dai in ta kafe kada ka yi ta caccaka ta gaba da baya, manta zai yi zafi. Da damina kuma labari ya juya. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Ringim da Auyo da Haɗeja ya san yadda hanya ke komawa kogi. In ruwa ya shiga giyar hannu, a zubar da man a sa sabo, sau da yawa ta wuce. In ya shiga ta otomatik man ya koma kamar koko, faya-fayan ciki su fara saɓulewa, ka fara shirin Ƙofar Ruwa.

Sai cunkoson birni. In kana shiga Kano kullum, ka biyo ta Gezawa ka faɗa 'Yankaba da safe, ko ka kutsa Sabon Gari da Kwari, gwiwarka ta hagu za ta gaya maka gaskiya kafin azahar. Mai irin wannan zirga-zirgar, kuma ga masu gyara a kusa da shi, ya sayi otomatik ban ce masa komai ba. Amma mu da ke shiga Kano sau ɗaya ko biyu a wata, sauran tafiyarmu daga gida zuwa wurin aiki ce, ko kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, a kan titin da in ka sa giya biyar sai ka manta da ita, wane cunkoso muke gudu?

Abin da ba na so shi ne masu cewa otomatik "motar mata" ce, ana faɗa ana dariya a majalisa. Wannan ba hujja ba ce, raini ne kawai. Na san ungozoma da ke tuƙa mai giya a hanyar da wasu mazan ke tsoro. Kuma akwai waɗanda otomatik rahama ce a gare su: dattijon da ciwon gwiwa ya kama, da 'yan'uwanmu da shan inna ya taɓa wa ƙafar hagu, waɗanda a ƙasar Kano da Jigawa ba kaɗan ba ne. Baffana da ya haura saba'in, da ba don otomatik ba da tuni ya ajiye tuƙi ya koma jiran yara su kai shi masallacin Juma'a. Shi kam ya san abin da ya saya, jumfa-waya ta tada mota da batirin wata motar tana cikin but ɗinsa ko da yaushe, kuma ba ya yarda kowa ya zuba masa man giya sai ya karanta jikin galan da tabaronsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani abin da ya kamata mai saye ya sani: mai giya mai lafiya tana ƙara wuya. Motocin da ke zuwa daga Amurka kusan duk otomatik ne, masu giya galibi daga Turai suke, irin waɗanda muke kira Beljiyam, kuma da sun sauka 'yan haya ke wawashe su. Alherin haka shi ne ranar da ka tashi sayarwa ba za ka rasa mai saye ba, kafin ka rufe baki wani direban tasha ya zo. Sharrinsa kuma, da yawa daga waɗanda za a nuna maka a wurin dillalai sun riga sun ci duniya a layin Kano zuwa Haɗeja da mutum huɗu a baya biyu a gaba da buhuna a but, aka yi musu fenti aka goge taya da mai. Ka duba robar feda da kujerar direba da sitiyari, su ba sa ƙarya. Ka ja birkin hannu, ka sa giya uku, ka saki kuloci a hankali: in injin ya mutu nan take kuloci na da rai, in ya ci gaba da aiki ya cinye. In kuma otomatik ce ka nace, ka je da sassafe kafin dillali ya ɗumama ta. Man giyarta ya zama ja garau, ba baƙi ba, ba ƙauri. Daga P zuwa D ta kama ba jinkiri, ba dukan da za ka ji a bayanka. Kada ka yarda da zagayen fili, ka hau titi da ita har ta yi zafi, domin wata giyar sai ta ɗumama take nuna halinta.

Shi ƙanina ana tashinsa da tsakar dare a ce ga mai naƙuda ko yaro ya suma. Ƙauyen da yake ba wuta, ba mai cajin batir sai ranar kasuwa, maƙwabtansa babura ne da amalanke. Abin da yake da shi a wadace shi ne samarin da in ya yi kira sau ɗaya za su fito su tura. Ya ce min ai maiɗakinsa ma tana son koyon tuƙi, kuma an ce mata kuloci wuya. Na ce ya ba ni ita da yayarta mako biyu a filin makarantar firamare bayan la'asar, faifan kuloci ɗaya na yafe, ni zan biya.

Jibi in Allah ya kai mu za mu shiga Kano mu duba wasu guda biyu da aka yi masa maganarsu. Na ce sai da bakaniken garinmu za mu tafi, tun da shi zai yi ta fama da ita. Kuɗin motarsa da na abincinsa da na yinin da zai rufe gareji duk a wuyan mai sayen mota.