Kundin digiri a hannun mai ƙosai

Tun shekaranjiya da na ɗora hoton ƙosan da aka naɗe min a shafin kundin digirin wani nake bin abin da kuke rubutawa a ƙasa, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wani cewa ya yi "ai dama nan ne ya dace da shi." Wani ya ce malaman jami'a ba su iya komai ba sai yajin aiki. Wata kuma ta jera alamun dariya guda biyar ta wuce abinta. Sannunku da ƙoƙari, masana. Mutum ya ɓata shekara biyu ko uku yana auna yadda za a busar da tumatir da zafin rana ba tare da ƙura da ƙuda sun taɓa shi ba, a wayi gari shafin babi na huɗu na kundinsa ya zama abin naɗe min ƙosai, mai ya jiƙa jadawalin har lambobin sun haɗe da juna, ku kuma abin da kuka gani a ciki shi ne abin dariya.

To bari in faɗa muku, kuma zan ta maimaitawa har ku gaji: bincike yana nan. An yi shi, an gama, an ɗaure shi da baƙin bango, an rubuta suna da ruwan zinare. Hanyar da za ta kai shi gona da aji da kasuwa ce ta mutu.

Kai da kake cewa ba a bincike a ƙasar nan, masarar da ke gonar kawunka daga ina irinta ya fito? Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru ta Zariya, tun kafin a haifi kakan wasunmu, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar binciken noma ta wurin ta koma ƙarƙashinta. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, masara SAMMAZ, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG, daga can yake. Akwai masarar da ke jure fari, akwai mai jure ƙuduji, wannan ciyawar da ke tsotse shuka tun daga saiwa har manomi ya rantse sammu aka yi wa gonarsa. A ƙarshen 2019 aka saki wake SAMPEA 20-T wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cinsa, manomin da ya saba feshi shida ko takwas sai ya koma biyu. Na san yanzu masu gardamar irin da aka sauya wa ƙwayar halitta za su taso. Ku dakata, wannan rigimar ta wata rana ce. Abin da nake nunawa shi ne mutane sun zauna sun yi aiki, ba barci suke ba.

Amma je ƙauye ka tambayi manomi goma ko sun san sunan irin da suka shuka. Mafi yawa abin da suka ajiye bara ne, ko wanda suka auno a kwano ranar kasuwa. Wa zai gaya musu? A da akwai malamin gona. Dattawa sun san shi, da babur ɗinsa da 'yar jakarsa, ya zo ya yanki wani gefe na gonar mai unguwa ya shuka sabon iri kusa da tsohon, ya ce kowa ya zo ya gani da idonsa lokacin girbi. Gani ya kori ji. Shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya a kan wannan malamin suka tsaya. Da kuɗin waje ya ƙare, jihohi suka bar abin ya bushe a tsaye: wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, wanda ya rage ba man babur. Yau mai shagon maganin feshi ne malamin gona, shi da ribarsa ke cikin ka sayi kwalba uku maimakon ɗaya.

Haka batun makamashi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun shekarun 1980 take ƙera na'urar busar da amfanin gona da rana, da murhu mai tsimin itace, da ramin da ke fitar da iskar girki daga kashin shanu. Shekara nawa ke nan? Amma bi hanyar Kano zuwa Zariya lokacin da tumatir ya yi araha, ka duba wajen Kadawa da Kwanar Gafan, ka ga yadda ake shanya kauɗa a ƙasa, iska na kwaso ƙura tana zubawa, awaki na ratsawa. Wanda ya ƙera na'urar yana nan, mai tumatir ɗin yana nan, ba wanda ya haɗa su. Ba wanda ya ɗauki zanen ya kai wa mai walda a bakin kasuwa ya ce ƙera min goma mu gwada. Sai dai a kai ta baje koli, babban baƙo ya shafa ta, a ɗauki hoto, a mayar da ita sito.

Na ilimi kuwa ya fi ciwo. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, suka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi kawai, aka ga yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa. Ba a buga isassun littattafai ba, ba a horar da malamai ba, a 2025 aka ce an soke. Yaro a Gumel ko Illela yana nan yana rera abin da bai fahimta ba, sakamakon binciken kuma yana kan kanta ya haura shekara 40 yana shan ƙura.

Eh, na ji, akwai kwafe. Akwai ɗalibin da ke zuwa shagon kwamfuta ya sayi kundin wani ya sauya suna da sunan ƙaramar hukuma. To sai me? Don akwai jabun magani a kasuwa sai a rufe asibiti? Masu cewa kuɗi ne babu, su ma na ji su. Kuɗin bai isa ba, gaskiya ne, kuma watanni takwas da aka rufe jami'o'i a 2022 sun kashe gwaje-gwajen da ba sa jiran kowa, don shuka ba ta san yajin aiki ba. Amma ko wanda TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta ba kuɗi ya gama aikinsa lafiya, ina sakamakon yake zuwa? Mujallar Turanci da ake biyan dala kafin a buga, a kuma biya dala kafin a karanta. Malamin ba wawa ba ne. Kwamitin ƙarin girma takardun mujalla yake ƙirgawa. Da zai rubuta shafi biyu da Hausa ya raba wa manoma, ko ya shiga rediyo ya yi bayani, ba a ba shi maki ko ɗaya, wataƙila ma abokan aikinsa su ce ya zubar da aji.

Ni dai da ina da iko, da ba wanda zai karɓi digiri na biyu ko na uku a fannin noma ko makamashi ko koyarwa sai ya koma wurin mutanen da ya yi wa tambayoyi, ya zauna a kan tabarma ya gaya musu abin da ya gano da harshen da suke ji. Minti biyar na murya a WhatsApp ma ya isa somawa. Waɗannan mutane sun bar aikinsu sun amsa masa tambaya arba'in, sun ba shi ruwa, wasu har da fura. Suna da haƙƙi a kansa. Ina faɗin haka ne da kunya, don nawa kundin ma ban san inda yake ba yanzu, kuma matan da na yi wa tambayoyi ban sake komawa wurinsu ba.

Jiya da safe na koma wurin mai ƙosan na ce, "Iya, ko akwai sauran takardun nan?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ƙosai ka zo saya ko takarda?" Wai wani yaro ne ke kawo mata a buhu, a kilo take saye, kuma ta fi son irin waɗannan don sun fi jarida kauri, ba sa yagewa. Na sayi na ɗari biyar don kada in tashi haka nan. Jama'a, ku kuna lura da yadda ƙosai ya ƙanƙance kuwa? Guda ɗaya yanzu bai fi ƙwallon goruba da aka gama gwaguya ba, yajin ma sai ka roƙa.