Harajin hayaƙin jiragen ruwa: a fitar wa Apapa da rabonta

Duk direban tirela da ya taɓa kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can da ke Legas yana jiran lodin kwantena ya san warin nan. Jirgi na ɗaure a gaɓa, amma injinsa bai huta ba, domin da shi yake ba kansa wuta. 'Yan'uwanmu masu dako da masu sayar da abinci a bakin get su ke shaƙar hayaƙin dare da rana.

A watan Afrilun 2025, hukumar IMO mai kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta amince da daftarin da zai sa manyan jirage, masu girman tan 5,000 zuwa sama, su biya dala 100 ko 380 kan kowane tan na gurɓatacciyar iskar da ta haura ƙa'ida. A watan Oktoba aka ɗage tabbatar da shi har shekara guda, bayan matsin lambar Amurka da Saudiyya. Turai kuwa ba ta jira kowa ba, tun Janairun 2024 ta ɗora wa jirage nata harajin.

Kada mu ruɗi kanmu, mai jirgi ba zai biya daga aljihunsa ba. Zai ɗora a kan kuɗin dako, ɗan kasuwa ya ɗora a kan buhun alkama da bandir ɗin atamfa, har ya iso kan mai saye a Agege ko Kantin Kwari. Ina goyon bayan harajin, domin jiragen ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, ga teku na cin gaɓar Legas a gaban idonmu. Damuwata ita ce rabon. Kuɗin za su shiga wani asusu na IMO, an kuma tanadi wani kaso domin saka wa jiragen da suka koma tsaftataccen mai, kuma manyan kamfanonin Turai da Asiya ne ke da ƙarfin sayen irinsu. Idan kason nan ya cinye asusun, talakanmu ya yi kiwo, wani ya sha nono.

Da ni za a tambaya inda za a zuba rabonmu, da wutar gaɓa zan fara: a kafa lantarki mai ɗorewa a Apapa, Tin Can da Lekki, jirgi ya jona ya kashe injinsa. Sai layin dogo. Kwantenar da ta hau jirgin ƙasa zuwa tashoshin tudu na Kaduna da Dala ta rage wa Legas cunkoso, ta rage wa Arewa tsadar kaya. Wasu za su ce wannan ya fita daga harkar teku. Ai kwantena ba a bakin ruwa tafiyarta ke ƙarewa ba. A kuma ware wani kaso na horar da matasa aikin jirage masu amfani da tsaftataccen mai irin su metanol da amoniya.

Wakilan Najeriya da ke zama a hedkwatar IMO a Landan su nemi a rubuta kason tashoshin Afirka a fili, da adadinsa, da yadda jama'a za su bi diddigin kowace dala, kafin su ɗaga hannu.