Injin haya da bakin ƙananan ƙungiyoyin Formula 1

Marubucin wani labari ya ce sayen inji da ƙananan ƙungiyoyin tseren motoci na Formula 1 ke yi wajen manyan ƙungiyoyi ciniki ne kawai, ka biya a ba ka. Ni dai ban yarda ba, domin na daɗe ina kallon tseren nan.

A tseren Monaco na 2018, Esteban Ocon yana tuƙa motar Force India mai injin Mercedes, ya kauce wa Lewis Hamilton, direban Mercedes, ya wuce ba tare da wani artabu ba, a hanyar da wuce mota ke da wuyar gaske. Ocon yaron Mercedes ne a lokacin. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Haka a Disamba 2020, da Hamilton ya kamu da korona, Mercedes ta ɗauko George Russell daga ƙungiyar Williams, mai amfani da injin Mercedes, ya yi mata tseren Sakhir. Ƙungiyar Haas kuwa tun shigowarta a 2016 ba inji kaɗai take saya wajen Ferrari ba, har da giya da wasu sassan mota. Ta yaya za ta ɗaga wa Ferrari murya a taron tsara dokoki?

Na san za a kawo mini McLaren, wadda ta ci kofin ƙungiyoyi a 2024 da injin Mercedes, ta bar Mercedes ɗin a baya. Gaskiya ne. Amma McLaren tana da kuɗinta da masana'antarta, ita take zaɓen direbobinta. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙungiyar da kujerar direbanta ma sai an ji ta bakin mai inji.