"Wane ya fi wane tsawo" a Farisanci, da kunyar da na sha a Ƙum

Masu cewa Farisanci na da wuya, ni ban yarda ba, aƙalla a wajen kwatanta siffar mutane. Nahawun nan ko yaro zai kama shi a zama ɗaya. Inda ake zamewa daban ne.

Mu Hausawa da "fi" muke aiki: Ali ya fi Hasan tsawo. Su masu Farisanci babu wannan aikatau a jimlarsu. Ɗafi suke liƙa wa siffa a ƙarshe, wato "tar". Boland dogo ne, bolandtar wanda ya fi tsawo. Kutah gajere, kutahtar. Laghar siriri, laghartar. Sai a kawo ƙaramar kalma "az" a gaban wanda aka fi, a jefa aikatau can ƙarshe: Ali az Hasan bolandtar ast. Idan ka bi ta kalma-kalma, kamar ka ce "Ali daga Hasan mafi tsawo ne". Makonni na yi bakina na neman "fi" a tsakiyar jimla, ina tsayawa kamar mota ta ci karo da rami. In kuma ya fi kowa ne, "tarin" ake sawa, siffar ta koma gaban suna: bolandtarin pesar, yaron da ya fi kowa tsawo.

Abin da ya fi burge ni, babu ruwansu da jinsi. Mu sai dogo, doguwa, dogwaye, kowa da rigarsa. Su boland ɗin nan ita ce ta namiji da mace, kuma "u" ɗaya ce ke nufin shi da ita. Wanda ya sha fama da muzakkar da mu'annas a makarantar Islamiyya zai ji kamar an sauke masa kaya.

To ga inda na zame. Wani malaminmu a Ƙum, wani birni a Iran, ya dawo hutu fuskarsa ta ciko. Na haɗa jimlata tsaf, ina ji da kaina, na ce masa ya zama caƙtar, wato ya ƙara ƙiba. A gida ai yabo ne. Ka ce wa mutum "Alhaji ka yi ƙiba, hutu ya karɓe ka", sai ya yi dariya ya ce alhamdulillahi. Malam ya yi ɗan murmushi, ya gyara zaman rigarsa, ya ce nahawuna daidai ne. Wani ɗan ajinmu daga Afganistan ne ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Shi ya sa nake ganin masu koyarwa na rage wa ɗalibi hanya. Suna ba ka caƙ da laghar, pir da javan, tsoho da matashi, ba sa faɗa maka wacce ake furtawa a gaban mutum. Kuma kalmomin da suka fi daɗi ba sa cikin darasin farko. Wanda muke kira wankan tarwaɗa, kusan shi suke kira sabze, ko gandomi, mai launin alkama. Mai shiga rai kuwa banamak ne, "mai gishiri". Ita wannan na riƙe ta gam, da ita nake yabon 'ya'yan maƙwabta yanzu, in bi ta da mashallah, wadda ba sai an fassara wa kowa ba.